Burodi Biyar da Makullin Barira

Wata rana, ranar Litinin, aka gurfanar da wata mata a gaban wata ƙaramar kotu. Sunanta Barira.

Laifinta? Burodi biyar.

Ba daga kanta ta ɗauka ba. Daga tankin shara ne, a bayan wani katafaren shago. Burodin kwanansa ya wuce, masu shagon da kansu suka zubar. Sai dai tankin yana cikin shinge, ita kuwa ta inda waya ta yage ta kutsa.

Da safe aka kama ta, kafin azahar tana gaban alƙali. Ni dai ban taɓa ganin shari'ar mai kuɗi ta yi irin wannan gudun ba.

Alƙali ya ce beli sai ta kawo ma'aikacin gwamnati ya tsaya mata. Barira ko ɗan sintiri ba ta sani ba. Aka ɗage zama sai bayan mako biyu, aka ce a wuce da ita gidan yari.

Ana jan ta tana waiwaye. Ta buɗe baki ta ce, "Ranka ya daɗe, na kulle..."

Ɗan sanda ya daka mata tsawa. Maganar ta tsaya nan.

Ga abin da ta so faɗa.

Barira na zaune ne a wani kango a bayan gari, ita da mahaifiyarta, Inna Tabawa. Tsohuwar ba ta gani, ga gigin tsufa. In aka bar ƙofa a buɗe sai ta kama hanya. Saboda haka duk lokacin da Barira za ta fita, sai ta cika mata randa, ta ja ƙofa, ta sa kwaɗo ta waje.

Kowa ya san ma'anar kwaɗo ta waje: ba kowa a ciki.

Makullin kuwa yana jikin wani zare, kuma da zaren nan Barira ke ɗaure bakin jakarta don kada ya ɓata. 'Yan sanda suka karɓi jakar yadda take. Makulli ya zama kayan shaida.

Mai ajiyar kayan shaida a kotun shi ne Malam Haladu. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, kuma ba ya gajiya da faɗa wa mutane hakan. Irin mutanen nan ne da in ka ce musu "a duba," sai su ce maka "doka doka ce."

Yana tsaye lokacin da Barira ta yi maganarta. Ya ji, bai sa a ka ba.

Ya zaro burodin daga jakar ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta lambar shari'a a jikin kowace leda da hannunsa. Ya mayar, ya ɗaure, ya ɗora a kan katako a ɗakin ajiya. Ɗakin ba shi da taga, ƙofa ɗaya ce, makullinta kuma a aljihunsa yake kwana.

Ranar Talata da hantsi ya shiga ɗauko wani abu. Sai ya ga jakar ta ɗan rage girma.

Ya ƙirga. Huɗu.

Ya ce ɓera ne. Amma a zuciyarsa ya san ɓera ba ya tafiya da leda, kuma ba ya mayar da ƙulli yadda ya same shi.

Laraba, uku.

Ya sayo sabon kwaɗo, bai gaya wa kowa ba. Kunya yake ji, a ce shi Haladu ana yi masa ɗauki ɗai-ɗai.

Ranar nan da rana tsaka, kotu cike da hayaniya, yana zaune a teburinsa a bakin ɗakin, sai ya ji bugu.

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

A hankali, irin bugun wanda ya gaji. Kuma daga ciki.

Ya buɗe. Ba kowa. Tsofaffin adduna, babur ɗin da ya yi tsatsa, buhunan takardu, duk suna inda suke.

Sai makullin nan da ke rataye a bakin jakar, yana lilo shi kaɗai, a ɗakin da iska ba ta shiga.

Ya karanta abin da ya zo bakinsa, ya ja ƙofa.

Alhamis, biyu. Bugun ya dawo, amma ya fi na jiya rauni. Ya tambayi magatakarda ko ya ji wani abu. Magatakarda ya dube shi ya ce ko dai hawan jini ne, ya je a gwada shi.

Ranar Juma'a ya tsaya a gaban jakar, ya ƙirga. Shi kaɗai a ɗakin, ya ce a fili, "Saura ɗaya."

Ya zauna ya jira bugun.

Shiru.

Wallahi shirun nan ya fi bugun tsoratar da shi. Yana kallon makullin, sai maganar matar ta faɗo masa kamar yanzu take yin ta.

Na kulle.

Me ta kulle?

Wa ta kulle?

Gobe Asabar, jibi Lahadi, ba kotu.

Malam Haladu, mai "doka doka ce," ya kwance zaren kayan shaida ba da izinin kowa ba, ya jefa makulli a aljihu. Ya duba takardar ƙara ya ga unguwar, ya hau babur.

Sai da ya sha tambaya kafin ya gane kangon. Wata maƙwabciya daga nesa ta ce masa ai sun yi tafiya, tun Litinin ƙofar take a kulle.

Ya sa makulli. Kwaɗo ya buɗe.

Ɗakin duhu, ga zafi, ga wari. A kan tabarma wata tsohuwa ce jingine da bango, leɓɓanta sun bushe, randa a kife kusa da ƙafarta.

Da ranta.

A gefenta ga ledoji huɗu, an ninke su tsaf. Ya ɗauki ɗaya ya kai bakin ƙofa inda haske yake.

Lambar shari'a ce a jiki. Rubutun hannunsa.

Tari ya sarƙe shi. Tsohuwar ta juyo da fuskarta wajensa.

Ya ce, "Inna, wa ke kawo miki burodin nan?"

Ta ce, "Kai mana, ɗan nan. Ai na san tarinka. Kullum da hantsi ka ajiye ka juya, ba ko sallama. Yau ne dai ka biyo ta ƙofa."

Ya ce, "Inna, ban taɓa zuwa gidan nan ba."

Ta ce, "To wa ya ce mini ɗazu saura ɗaya?"

Malam Haladu ya durƙushe a ƙasa, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar tasa mahaifiyar.

Ya nemo ruwa ya ba ta. Ya kira matarsa, suka kai tsohuwar asibiti, daga can suka wuce da ita gidansu.

Ranar Litinin ya shiga gaban alƙali, ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne, ya zo tsaya wa Barira. Da aka fito da ita ba ta tambayi komai ba sai, "Tana da rai?"

Kwana bakwai ta yi a gidan yari tana roƙon a je a duba mata ɗakin. Duk wanda ta gaya wa sai ya ce ta bari sai ranar kotu.

Ranar zama ta zo, aka ce a kawo kayan shaida. Malam Haladu ya kawo burodi ɗaya, ya yi fumfuna har ya koma kore. Aka miƙa wa wakilin shagon ya tabbatar ko kayansu ne. Ya toshe hanci, ya ja da baya, ya ƙi taɓawa.

Aka kori ƙarar.

Shi kuwa Malam Haladu aka dakatar da shi daga aiki na wata uku, saboda burodi huɗu sun ɓata a hannunsa kuma ya kasa bayani. Har yau bai yi bayanin ba. Ledojin suna nan a ninke cikin akwatinsa, ba ya son a tambaye shi.

Kun san umarnin ƙarshe da kotu ta bayar a kan burodin da ya rage?

A kai shi bola a zubar.

Darasi: Abin da ka jefar da hannunka, kada ka tuna naka ne sai ranar da mai yunwa ya sunkuya a kansa. Wanda ya tsallake shinge a ja masa kunne, amma a auna hukunci da girman ɓarna. Kuma kafin ka daka wa wanda ake tuhuma tsawa, bari ya ƙarasa maganarsa. Mai yiwuwa akwai wani a bayan ƙofa da za ka ɗaure tare da shi, kai ba ka sani ba.

Allah Ya sa mu saurara tun ana iya bugawa.

In labarin nan ya taɓa ka, tura wa wani, musamman wanda ke riƙe da makulli a wurin aikinsa.