Sanyin Motar da Ya Kusa Raba Ni da Mahaifiyata

Edita, na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, yau na ce bari in sauke nawa nauyin. A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, malamin gona a Daudawa, ina zaga ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara ina koya wa manoma shuka auduga a layi da zuba takin zamani. Lokacin kowa gani yake arziki ya zo ke nan, ba zai koma ba. Da aka yi mana ƙarin albashi abokan aikina suka sayi babura. Ni kuwa na haɗa da shanuna biyu na gado, na nufi Kaduna na sayo mota a hannun wani Bature da zai koma gida. Fara ce sol, doguwa, kuma abin da ya fi tafiya da hankalina, tana da iyakwandishan, wato na'urar sanyaya cikin mota.

Har gobe ba na manta ranar da na fara shiga Yankara da ita, ranar kasuwa, farkon bazara. Rana ta take, kowa na sharce gumi, ni kuwa na ɗage gilasai huɗu ruf ina tafe a hankali. Mutane suka ɗauka na samu taɓin hankali. Da na tsaya wani dattijo ya leƙo, iskar ta buge shi a fuska, ya ja da baya yana salati. Kafin ka ce kwabo an yi layi, kowa na so ya zauna ko na minti ɗaya ne. Wani Alhaji mai goro ya roƙe ni in ajiye masa huhunsa a kujerar baya kada ya bushe. Abokaina suka riƙa tsokanata wai da gani a Ƙanƙara aka ƙera ta. Wallahi ranar ji nake kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Daɗin bai wuce wata biyu ba sanyin ya fara yi mini wasa. Yau ya yi kamar hunturu, gobe ya huro iska mai zafi kamar daga maƙera. Abin haushin, ya fi ɗaukewa idan na ɗauko wanda nake so in burge. Na kai ta wurin wani makanike a Ƙanƙara, ya ce gas ne ya ƙare, aka aika Zariya aka kawo, aka ɗura. Kwana uku ta yi lafiya, ta koma gidan jiya. Wani ya ce bel ne ya saki, aka ɗaure. Ni ma na zama ɗan bincike, ina tafe ina kasa kunne, har na gano da kaina cewa a kan kwalta ba ta da matsala, sai na hau burji mai gargada sanyin ke ɗaukewa. Na yi murna da wannan ganowa kamar na ci jarrabawa. Daga nan kuma sai fis ya fara ƙonewa, wato ɗan ƙarfen nan da ke tsinkewa ya yanke wuta idan ta yi yawa. Ina sa sabo, ya kwana biyu, ya sake ƙonewa.

Aka kwatanta mini wani tsohon mai gyaran wayoyin mota a Faskari, wanda ya yi shekaru yana aiki a garejin Turawa kafin ya dawo gida noma. Baba, kamar yadda ake kiran tsohon, ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya yaba mini da na lura da maganar gargada, ya ce a nan amsar take: akwai wayar da ta goge da ƙarfe a wani lungu ta yi tsirara, idan mota ta girgiza sai ta taɓa jikin motar, fis ɗin kuma yana ƙonewa ne don ya kare ni. Ya ce in bar masa ita kwana biyu ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa ba zai yiwu ba, gobe akwai sunan ɗan ƙanwata a Sabuwa, kuma Inna ta yarda in kai ta. Ni ne ɗanta na fari, saboda kunya ko kallon motar ba ta taɓa yi ba, sai da ƙanwarta ta sa baki. Baba ya ce to in tafi, amma in kashe sanyin in sauke gilashi, iskar Allah ma iska ce. Na amsa da to, amma a baka kawai.

Da safe na zare fis ɗin, na naɗa wayar tagulla mai kauri a gurbinsa, yadda na taɓa ganin wani direban tirela ya yi. Na kunna, sanyi ya taso kamar ranar farko. Na yi tsalle na buga ƙafa, ina ce wa kaina ashe gyaran da ya gagari makanikai uku bai fi minti biyar ba. Inna ta shiga baya da ƙwaryar furarta da turmin atamfa na mai jego, ƙanwarta ta zauna kusa da ita. Muna tafe ina satar kallonta a madubi. Can na ga ta ja mayafi ta rufe kafaɗa, ta ce wa ƙanwarta da ke gefe, ba ni ba, lallai wannan abu akwai sanyi. Daɗi ya kama ni, na ƙara murɗa shi har ƙarshe.

Mun hau burjin Sabuwa, mun yi nisa cikin gonaki, sai na ji wari kamar ana ƙona roba. Na ce a raina ƙila daga waje ne. Sai ga hayaƙi baƙi yana fitowa ta ramukan da sanyi ke fitowa, nan da nan ya cika motar, ga gilasai a rufe. Na taka birki, ƙanwar Inna ta buɗe ƙofarta ta faɗa waje tana ihu. Ƙofar ɓangaren Inna ta cije, ita kuma tari ya sarƙe ta, ta kasa matsawa. Na zagaya ina ja, ga wuta ta fara lasar gaban motar. Allah ya kawo wasu manoma da ke sharar gona, ɗayansu ya sa ƙotar fartanya ya fasa gilashin, muka buɗe ta ciki muka jawo ta. Sauran suka yi ta watsa ƙasa har wutar ta mutu, amma gaban motar ya riga ya zama gawayi. Inna na zaune a kunyar gona tana haki, da ta samu numfashi, abin da ta fara yi shi ne ta kamo hannayena tana jujjuya su. "Ɗan nan, ba ka ƙone ba dai?" Na durƙusa a gabanta na fashe da kuka.

A kan jaki aka ƙarasa da ita Sabuwa, bayan an riga an raɗa suna. Hayaƙin nan ya bar mata tarin da ta yi ta fama da shi duk damina har Allah ya karɓi abarsa, kuma ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, don ban taɓa gaya mata abin da na yi ba. Na ce ƙaddara ce, kowa ya yarda. Baba kaɗai ya sani, don da aka jawo motar ya ciro wayar tagullar daga cikin toka, ya miƙo mini.

Yanzu na tsufa, na gane cewa ƙaddara gaskiya ce, amma ni na naɗa wayar nan da hannuna, don kawai a ce da ni sannu. Ina kira ga matasa masu abin hawa: idan abu yana yankewa, ku nemi dalilin yankewar, kada ku toshe bakin mai gargaɗi. Idan wanda ya san aiki ya ce ku dakata kwana biyu, ku dakata. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi wa Inna addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafarar da na kasa buɗe baki in nema a wurinta tana da rai.