Kayan Mutane a Ɗakin Baba

Asabar: Limawa zuwa Miga

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na fito daga gidana a Limawa, cikin Dutse, da sababbin tsintsiya biyu da buhu goma. Shekara guda ke nan da rasuwar Baba, Inna ita kaɗai a gidanmu na Miga. Shawarar da muka yanke ita ce a rage tarkace ta samu wurin sakewa, ran da ta yarda ta dawo Dutse kuma a sayar da gidan. Dillalin da ya je dubawa cewa ya yi ba mai sayen gidan da ƙofar ɗakinsa ba ta buɗuwa don kaya. Na ji haushi, amma gaskiyarsa.

Bas ba ta cika ba sai bakwai saura kwata, naira sittin zuwa Jahun. Direba ya dubi tsintsiyoyina.

"Malam, aikin shara aka samu?"

"Gidan tsohuwa zan gyara."

"To, Allah ya sa ta bari!"

Shinge ɗaya muka tarar bayan Kiyawa, aka leƙa aka ce mu wuce. A Jahun na sha koko da ƙosai na naira goma, na hau a-kori-kura. Goma da kwata ina ƙofar gida.

Ni mutum ne mai tsari, ko a ofis an shaide ni. Kashi uku na yi: na amfani, na kyautarwa, na ƙonawa. Kafin la'asar na gama da tsakar gida da ɗakin Inna. Fasassun tukwane bakwai na fitar, kowacce sai da muka yi ja-in-ja a kanta.

Lahadi: ɗakin Baba

Da hantsi Inna ta tafi barkar haihuwa, na ce yau ba mai hana ni. Ɗakin cike yake har rufi: ƙulle-ƙullen ƙorai, tabarmi, tukwane, akwati, kowane ƙulli da tsumman ƙyalle a ɗaure. Na kwance su duka, na jera ƙwarya da ƙwarya, tabarma da tabarma, ƙyallayen na watsa cikin kayan ƙonawa. Ɗaki ya yi fes, har ina yaba kaina.

Inna na dawowa ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ɗan nan, ina ƙyallayen?"

Ashe ba kayan Baba ba ne. Ajiyar makiyaya ce, masu tafiya kudu da shanu. Mai ajiya kan yaga ƙyalle biyu, ya ɗaura rabi a kayansa, ya tafi da rabi. Shekara talatin Baba yana riƙon amanar nan, ko ludayi bai taɓa ɓata ba. Tun rasuwarsa kuma kunya ta hana su zuwa tambaya. Ni ko na hautsine komai a safiya ɗaya. Kunya ta rufe ni.

Allah ya taimake ni ban kunna wuta ba. Na tsince ƙyallayen, goma sha ɗaya, na aika wa ardo ya sanar a rugage, tunda damina ce, yawanci suna gida.

Litinin: zaure

Na rufe kayan a ɗaki, Inna ta zauna a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo sai ya nuna rabin ƙyallensa, ya faɗi abin da ya ajiye tun bai gani ba, sannan in ɗauko. Wata dattijuwa ta kwatanta zanen ƙoranta tara, ɗaya bayan ɗaya, ba kuskure. Da ta tashi tafiya ta dube ni.

"Kai ne na birnin? Allah ya ƙara ilimi."

Zaure ya ɗauki dariya, na shanye.

Kafin magariba mutum goma sun kwashe nasu. Saura akwatin ƙarfe mai kwaɗo da shuɗin ƙyalle guda. Inna ta ce mai shi ya yi kudu shekara bakwai, ba labari.

"To Inna, in an sayar da gidan fa?"

"Ba ɗaki ya ba wa ajiya ba, ubanka ya ba wa. Ɗauki ka tafi da ita."

Talata: komawa

Ƙarfe takwas na bar Miga. Kwandasta a Jahun ya caji akwatin naira ashirin, ban yi ciniki ba. Sha biyu da rabi na sauka a Limawa. Maiɗakina ta tsaya tana kallona.

"Rage kaya ka je, ko ƙarowa?"

Na tura akwatin ƙarƙashin gado. Na kuma aika wa dillali sharaɗi ɗaya: duk wanda zai sayi gidan, in baƙo ya yi sallama yana tambayar ajiyarsa, a yi masa kwatancen gidana.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Inna da ardo. Mai akwati kuwa har yau bai zo ba. Sau biyu na tashi gida tun daga lokacin, kuma akwatin nake fara ɗorawa a mota.