Ƙyallen Tace Mai na Kawu

Yau babur ɗan Italiya da marigayi Kawu ya bari ya sake mutuwa a hanyar Kibiya, a hannun ɗansa. Bakanike ya buɗe kafireta, ya tarar da yashi.

Kawu ba ya yarda a zuba masa man galan sai ta cikin farin ƙyalle. Ina tuna shi tsugune a Rurum, warin fetur na tashi, mai man yana tsaki. Ya nuna mini jar ƙasar da ƙyallen ya tare, ya ce, "Babur ɗin nan baƙo ne, ba ya cin ƙasarmu."

Ɗan nasa ya yanke salansar babur ɗin don ya riƙa ƙara, ƙyallen kuwa takalmi yake gogewa da shi.

Allah Ya haskaka kabarin Kawu, ni kuma Ya ba ni haƙurin magajinsa.