Ranar Da Muka Yi Wa Talauci Kwalliya

Maigidana mutum ne da in ka ce masa ina kwana, sai ya amsa maka da halin da talaka yake ciki. A wata masaƙa yake aiki a Sharaɗa, har ranar da ya hau benci a gaban ma'aikata ya yi jawabi, washegari aka miƙo masa takardar sallama a bakin ƙofa. Daga nan ya koma facin taya a gefen titin Challawa, amma wannan rabin sana'arsa ce. Ɗaya rabin rubuta takardar koke ne, ga ƙaramar hukuma, ga gidan rediyo, ga duk wanda aka ce yana da ofis. Ya taɓa tsayawa takarar kansila ma. Ƙuri'un da ya samu ba su taka kara sun karya ba, har yau in muka yi faɗa sai ya ce yana shakkar ko ni na dangwala masa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ruwan garinmu. Tun da kamfanonin jimar fata suka yawaita, ruwan da suke zubarwa ya bi ƙasa ya shiga rijiyoyinmu. In ka jawo guga sai ka gan shi ja-ja, ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Mu tace da ɗankwali, mu jefa alam, mu sha. 'Yata ta fari tana da shekara huɗu a lokacin, wata ba ya ƙarewa ba ta yi gudawa ba, hannayenta duk ƙuraje.

Ana nan sai ɗaya daga cikin takardun Malam, maigidan nawa, ta kai gaci. Wata ƙungiyar agaji ta aiko cewa mutanenta za su zagaya ƙauyukan yankin, inda suka ga an fi wahala nan za su haƙa rijiyar burtsatse, guda ɗaya tak. Malam ya bi gida-gida yana roƙo: "Don girman Allah ku fito yadda kuke, kada wanda ya ɓoye komai." Kowa ya ce masa to.

To, ka ce wa mutanenmu baƙi na zuwa! Tun ana jibi aka fara shara, har lungunan da tsintsiya ba ta taɓa gani ba. Mata suka yi ƙunshi da kitso. Maza suka zaro shaddar Sallah daga ƙasan akwati. Mai unguwa ya yi hayar rumfa da kujeru, ya sa aka yanka kaji, aka sayo fiya wata mai sanyi jaka-jaka, don kada a ce an ba baƙo ruwan da zai cutar da shi. Ni kuwa na hau mota har Hotoro na aro leshin yayata, na sa wa yarinya riga mai dogon hannu don kada a ga ƙurajen.

Malam ya fito da rigarsa ta faci, duk baƙin mai. Da ya ga taron sai ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Na ce ku nuna talauci, kun fito kamar ranar suna!" Ya juyo ya ƙare min kallo. "Har da ke?"

Na ce, "Malam, talauci ne da mu, ba hauka ba. A gaban baƙi zan fito da zanin girki?"

Duk garin shi kaɗai ne ya yi kama da mabukaci. Da motar baƙin ta tsaya ya ruga don ya tarbe su, direban ya ce masa tayoyinsa lafiya lau, ya gode.

Su uku ne, shugabarsu wata Hajiya mai tabarau. Suka ci kaza, suka sha ruwan sanyi, aka zagaya da su. Ina ji Hajiyar tana cewa, "Masha Allah, garin nan akwai tsafta, akwai rufin asiri." Ta rufe littafinta ta jefa a jaka. Nan na gane da tsintsiyarmu muka kori rijiyar.

Malam ya bar rumfar. Ya tafi rijiyar bakin masallaci ya jawo guga, ya cika kofin silba, ya ratso mutane har gabanta.

"Hajiya, ga ruwan garinmu, bismillah."

Wuri ya kaure da hayaniya. Mai unguwa ya miƙe yana cewa, "Kai, kana da hankali kuwa? Kashe mana baƙi za ka yi?"

Hajiyar ta karɓa ta kai hanci, ta yi saurin kau da kai. Ta dube mu, mu mata, ta ce, "Wannan me kuke yi da shi?" Kowa ta sunkuyar da kai. Maƙwabciyata ta ce, "Na wanki ne, Hajiya."

Malam ya dube ni. Tun da na aure shi ban taɓa ganin bakinsa ya rasa magana ba sai ranar. Wallahi kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na miƙe da leshin aro, na jawo 'yata gabanta, na naɗe mata hannun riga har kafaɗa.

Na ce, "Hajiya, da shi na dama mata koko yau da safe."

Ta daɗe tana riƙe da hannun yarinyar, sannan ta zaro littafin daga jaka.

Sati uku matan unguwa ba sa amsa gaisuwata, wai na tona asirin gari a gaban baƙi. Bayan damina motar haƙa ta iso. Ranar buɗe famfon Malam ya yi jawabin da sai da masu bokiti suka haɗa shi da Allah kafin ya matsa. Na tari ruwan a kofi, garai-garai, na miƙa wa 'yata. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta miƙo min abina.

"Umma, wannan ba ya ɗanɗanon komai. Ni a ba ni ruwa."

Mutane suka kwashe da dariya. Ni ban iya ba, na tsugunna a cikin taɓon nan na rungume ta, na yi ta kuka.