Ladanin Jirgin Nsawam

Shekarun baya can, tun kafin furfura ta san hanyar kaina, na taɓa sa mutanen layinmu a unguwar Maamobi ta birnin Akra suka rama azumi. Ba mutum ɗaya ba, ba gida ɗaya ba, layi guda sukutum, har da liman. Kuma duk a kan jirgin ƙasa ne, jirgin da ba ya tashi a kan lokaci sai ranar da na makara.

A lokacin ni bakanike ne a unguwar Abossey Okai, ina kwance injin motoci a ƙarƙashin wani masta. Aiki ne na yau a samu, gobe a yi hamma. Sai wani abokina da muka yi koyon aiki tare ya zo mini da labari. Wata gonar abarba a garin Nsawam, can wajen Akra, tana neman mai kula da manyan motocinta, albashi duk ƙarshen wata, kuma ya kusa ninka abin da nake samu sau uku. Ga matata da tsohon ciki, ga kwanon ɗakinmu yana yoyo. Wallahi tun kafin ya rufe baki na fara kashe albashin a zuciyata.

"Ka tattara ka koma Nsawam kawai," in ji shi.

Nan ne matsalar take. Mahaifina shi ne ladanin ɗan masallacin layinmu, shekara arba'in. Da ƙirjinsa ya daina ɗaukar sanyin asuba, sai ya miƙa mini mabuɗin ɗakin ladan a gaban mutane. Idan na koma Nsawam, na mayar masa da mabuɗinsa ke nan, kuma ban ga da idon da zan kalle shi ba.

Kwana uku ina aunawa. Idan na bi mota kullum, kuɗin mota zai cinye ƙarin. Jirgi kuwa araha ne, kuma na farko yana tashi jim kaɗan bayan sallar asuba. Na ce ai shi ke nan, na samo dabara. Na je na samu mahaifina yana zaune a ƙofar ɗaki, na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama.

"Asuba fa?" ya ce.

"Zan haɗa, Baba. In kira, a yi salla, in kama jirgi."

"Daga azahar zuwa lisha zan riƙe maka. Asuba taka ce."

"Ba matsala, Baba."

Ba matsala. Ni da bakina na faɗa.

Jama'a, wanda bai shiga jirgin nan ba bai san haƙuri ba. In na isa tasha da wuri, sai in zauna awa biyu ina kallon layin dogo. In na makara da minti biyu, sai in tarar da bayansa yana yi mini sallama. A ciki kuma ga kwandunan kifi, ga kaji, ga mai tallar maganin da ke warkar da cuta goma sha biyu yana yi mini ihu a cikin kunne. Sai a kai tsakiyar daji jirgi ya tsaya cak. Babu tasha, babu gari, babu mai cewa komai. Ka tambayi ma'aikacin jirgi, ya kalle ka kamar ka zagi uwarsa. In na isa gona kuma manaja yana tsaye yana ƙwanƙwasa agogon hannunsa da yatsa. Da yamma a sake sabon lale. Ban taɓa shiga gida kafin lisha ba, kuma kullum ina warin kifin da ba ni na ci ba.

Amma albashi ya zo, kuma ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Na saya wa matata atamfa, na saya wa mahaifina maganin ƙirji mai kyau. Har na fara tafiya irin ta ma'aikata.

Abin da ya hana ni sakat shi ne 'yan mintocin da ke tsakanin sallame salla da tashin jirgi. Sai na ruga bakin titi, in yi kokawar shiga trotro, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa shataletalen Circle, in ƙarasa tasha da gudu. Sau biyu jirgi ya bar ni a mako guda. Manaja ya ce na uku shi ne na ƙarshe.

To, a ɗakin ladan akwai agogon bango da mahaifina ya zo da shi daga Makka, mai akwatin katako da murfin gilashi. Da shi masallacinmu yake aiki, ni kuma nake murɗa masa wani don kar ya tsaya. Wata asuba ina tsaye a gabansa, sai na ga yatsana ya tura dogon hannun gaba da minti biyar. Na ce minti biyar ai ba komai ba ne, alfijir ɗin ma yana hanya. Liman ya leƙo, ya dubi agogo, ya ce bismilla. Aka yi salla. Da na shiga ɗaukar jakata na mayar da hannun inda yake, na fita abina. Ran nan a zaune na tafi Nsawam, har da wurin miƙe ƙafa.

Biyar ta zama goma. Kafin azumi ya kama, ta kai ashirin.

Limaminmu tsoho ne mai yarda da mutane, bai taɓa tambaya ba. Wadda ta hana ni shan ruwa ita ce Hajiya mai koko, da ke kasa tukunyarta a ƙofar masallaci. Da azumi ya zo, cinikinta duk na sahur ne, kuma kirana shi ke tsinke mata layi.

"Ɗan Malam, zo nan," ta ce mini wata asuba. "Wannan wace irin asuba ce kake kira? Ko masallaci ɗaya na maƙwabtanmu na Nima bai yi tari ba."

"Su ne suke makara, Hajiya."

"Duk Akra kowa makararre ne, kai kaɗai Allah ya ba agogo?"

"Ki shiga ki duba mana."

Ta san ba za ta shiga ɗakin ladan ba, ni ma na sani. Ta bi ni da harara, na wuce ina jin kaina wani mai wayo.

Azumin shekarar a tsakiyar damina ya faɗo. Wata asuba aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma na san in ana ruwa trotro wahala yake yi. Liman yana sallamewa na fizgi jakata na faɗa cikin ruwan. Na isa tasha sharkaf, ina haki. Jirgi kuwa bai ga damar zuwa ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Na sha faɗan manaja, na wuni a ƙarƙashin wata mota ina tsine wa jirgi a zuciya, da azumi a bakina.

Da yamma muna dawowa, ya sake tsayawa a dajinsa na kullum. Hadari ya rufe sama baƙi ƙirin, ba ka ce ga inda rana take ba. Wata mai lemo ta ga ina lasar leɓe, ta miƙo mini guda biyu. Na juya wajen wani mai agogo a hannu na ce, "Don Allah lokacin shan ruwa ya yi?"

Ya duba ya ce, "Da saura. Kamar minti ashirin."

Minti ashirin. Lemon ya suɓuce daga hannuna. Ban mayar da agogo ba. A daidai wannan lokacin mahaifina yana tsaye a gabansa, babu rana a sama da zai duba, kuma agogon yana gaya masa magariba ta yi.

Na ture kwanduna na je wajen ma'aikacin jirgi, na ce ya yi wa Allah ya gaya wa direba a tashi. Ya ce in sauka in tura. Wallahi da turawa za ta yi, da na sauka. Babu waya a zamanin, babu kowa da zan aika. Haka na tsaya a bakin taga ina kallon ciyawa, na san abin da ke faruwa a gida, ba ni da yadda zan yi.

Sai bayan sallar asham na shigo layinmu. Matata ta tare ni tun a bakin lungu. Ta ce Baba ya kira magariba, kowa ya sha ruwa, aka yi salla, har an fara cin tuwo, sai ga masallatan Maamobi da Nima sun ɗauki kira ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mutane suna ƙofar masallaci har yanzu, ana ta magana.

Na same su kuwa. Mahaifina yana zaune a kan benci, hularsa a kan gwiwa. Wani yana cewa tsufa ba laifi ba ne, amma ya kamata a bar Malam ya huta. Wani ya ce dama ya lura kwanan nan ba ya gane mutum sai an matso. Mutanen da ya kira wa salla tun suna goye. Shi kuwa abu ɗaya yake maimaitawa.

"Idona ne. Ku yafe mini, idona ne."

Kar ku ɗauka jarumta na yi nan take. Abin da ya fara zo mini shi ne in lallaɓa in gyara agogo kafin wani ya leƙa. Na zagaya ta baya na shiga ɗakin ladan. Ina ɗaga hannu zan buɗe murfin, rediyon wani a waje ya sanar da ƙarfe takwas. Na dubi agogo. Takwas daidai.

An riga an gyara. Kuma mutum biyu ne kawai suke shiga ɗakin nan.

Na daɗe a tsaye, kunya ta rufe ni. Ya ga agogon, ya gane wanda ya taɓa, ya mayar da shi, sannan ya fito ya ce idonsa ne. Na fita na durƙusa a gaban liman.

"Malam, idon Baba lafiyarsa ƙalau. Ni ne. Ni nake tura agogo gaba da asuba don in kama jirgi. Yau na manta ban mayar ba."

Liman ya ce, "Tun yaushe?"

"Wata biyu ke nan, Malam."

"Na faɗa!" Hajiya mai koko ta buga ludayi a kan tukunya. "Ban faɗa ba? Ashe ba ladanin masallaci gare mu ba, ladanin jirgi ne."

Sunan da ya bi ni ke nan. Akwai tsofaffi a Maamobi da har gobe ba su san ni da wani suna ba.

Liman bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce duk wanda ya sha ruwa da kiran nan zai rama kwana ɗaya bayan Salla, kuma duk asubar da aka yi kafin lokaci sai an sake ta. Na ga tsofaffi masu ciwon gwiwa suna lissafi da yatsu suna kallona.

Da muka shiga gida mahaifina ya miƙo hannu, na sa masa mabuɗin. Ya ce, "Na riga na sha kunya ɗaya, ka zo ka ƙara mana ta biyu."

"Baba, ba zan iya ji ana ce maka ka tsufa ba."

Ya juya mabuɗin a hannunsa.

"Tun makonni kunnena yake gaya mini kiranka yana yin wuri," ya ce. "Ina kwance ina ji. Sai in ce a'a, tsufa ne, ɗana ba zai yi haka ba."

Da mari ya yi mini da na gode.

Na ƙarasa watan, na ajiye aikin. Abokina ya ce ban da hankali, wa yake barin albashi saboda kiran sallar da ko sisi ba a biya? Na koma wajen masta a Abossey Okai ina sunkuyar da kai, ya karɓe ni bayan ya yi mini dariya son ransa. Kwanon ɗakinmu ya ƙara damina biyu yana yoyo, matata tana jera kwanuka a ƙasa tana yi mini kallon da na gane ma'anarsa. Har yau in na tuna albashin nan sai na yi tsaki, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan Salla mutanen layi suka sa ranar Alhamis a rama azumin tare. Da yamma ta yi, mahaifina ya kira ni ƙofar masallaci, ya miƙo mini mabuɗi a gaban kowa. Na shiga na tsaya a gaban agogo. Lokaci ya yi, na ƙi buɗe baki. Masallacin farko ya kira, na biyu ya kira, na Nima suka gama, ina tsaye. Sai ga muryar Hajiya daga waje.

"Ɗan Malam, da ka hana mu sahur, yanzu kuma da yunwa za ka kashe mu?"

Ran nan na ji mahaifina ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Masu koyon aiki a garejina sukan zo su ce sun sami aiki mai tsoka a can nesa, in ba su shawara. Ba na hana kowa. Nakan ce su lissafa kuɗin mota, su lissafa awoyin hanya, sannan su duba wa zai tsaya a wurinsu idan hanyar ta riƙe su. Ni wancan lissafin na ƙarshe ne ban yi ba.

Agogon yana nan a ɗakin ladan, ya daina aiki, na hana a sauke shi. Kuma har yau, in kuka ji masallatan Maamobi sun gama kiran magariba tsaf, sannan wata tsohuwar murya ta taso ita kaɗai daga baya, ni ne.