Ɗurin Tsuntsu a Bindigar Baba

Ranar Laraba ce, shinkafa ta fara nuna. Bayan asuba na ɗura bindiga, na mayar da ita maratayinta a zaure, da nufin in fita korar janbaki da hantsi. Tsuntsayen nan sun cinye mini kusan rabin fadama, har mafarkinsu nake yi.

Bindigar ta Baba ce, Allah ya ji ƙansa. Wani maƙeri a tsallaken iyakar Benin ya ƙera ta yana kwaikwayon ta Turawa, irin wadda ake ɗurawa ta baki. Tsufa ya cinye cikin bututunta. Ka auna barewa daga nesa, harsashi ya tafi gaida itacen kuka. Amma yayana Magaji, wanda ya gaji farautar Baba, bai yarda ta mutu ba. Kullum tana rataye da dunƙulen dalma guda a ciki, wai don tsaron gida. Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni. Ga ƙarfe yana barci a bango, ga tsuntsu yana cin gumina.

Sau uku na roƙe shi in mai da ita ta harbin tsuntsu, sau uku ya hana. Sai na yi irin ta ƙanne. Da ya tafi gonarsa ta tudu, in zare dalmar, in zuba ɗan albarushi da tsakin dalma ƙanana kamar gero. Ta karɓi aikin kuwa, harbi ɗaya janbaki su zubo. In na gama in mayar da dunƙulen. Mako biyu ina haka bai sani ba.

Ran nan na ɗauka ya fita. Ashe zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗaki.

Ƙarfe takwas da kwata na ji babura ta hanyar Kaoje. Sun yi yawa, kuma ba ranar kasuwa ba ce. Sai harbi, a jere, ba hutawa. Ɓarayin daji ne. Kaji suka watse. Wata mata ta kurma ihu a bakin rijiya.

Na fito daga bayan gida na tarar da Magaji a ƙofar zaure, ba takalmi, bindigar tana hannunsa.

"Kwashi ɗiya ku yi hwadama! Tahi!"

Na buɗe baki. Kalma huɗu ce kawai: ɗurin tsuntsu ne ciki. Ba zan yi ƙarya ba, tsoron faɗansa ne ya riƙe mini harshe, ni da furfura a gemu. Kafin in haɗiye yawu ya sha kwana, ya nufi lungun rumbuna, inda babur ba ya wucewa sai ɗaya bayan ɗaya.

Na saɓa ƙaramar 'yarsa a kafaɗa. Matarsa Hajo ta ja sauran. Muka faɗa cikin shinkafa, ruwa har ƙugu.

Wajen takwas da rabi bindigar ta tashi. Na san muryarta biyu. Da dunƙule takan yi gurnani har ka ji a ƙirji. Wannan siririya ce, tas, irin wadda nake ji kowace safiya. Hajo ta yi hamdala, a zatonta ya kayar da ɗaya. Ban kalle ta ba. Nasu suka amsa, sun daɗe suna amsawa. Daga nan sai kukan shanu ana kora su.

Muka yi ta tafiya a duƙe har azahar. Da la'asar muka tsallaka iyaka, wasu Dandawa suka ba mu ruwa da tabarma.

Washegari muka koma da 'yan banga. Gawar Magaji tana nan a lungun rumbuna. Jikin rumbun da ke gabansa duk 'yan ƙananan huji ne, kamar an yayyafa. Bindigar tana gefensa, ko ɗaukarta ba su yi ba.

Masu ta'aziyya suna cewa ai ko da dalma ce da ta kauce, tsohuwar bindiga ce. Raina ɓaci yake in na ji haka. Na auna wurin da ƙafata, taku tara ne. A taku tara ba ta taɓa kuskure ba.

Shanu shida suka tafi. Shinkafar, janbaki suka ƙarasa ta. Mu goma sha biyu ne a gidan, yanzu sha ɗaya. Hajo ba ta sani ba har yau. Dunƙulen dalmar yana aljihun rigata tun asubar nan, da shi na tsallaka iyaka, da shi na dawo.