Da Saura, In Ji Baba

Mahaifina tela ne a unguwar Wambai, cikin Suleja, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maka shi manomi ne. Keken ɗinki ke ciyar da mu, fadama kuwa ita ce abin taƙamarsa. Tana can bayan Izom, a bakin kogin Gurara, wani ɗan fili da mai unguwar ƙauyen ya ba shi aro tun ban iya tafiya ba. Sharaɗin ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: muddin kana nomawa taka ce, har ɗanka ya gada, amma duk ranin da aka ga fadama kwance babu kore a cikinta, ta koma hannun masu ita su ba wani. Masu so kuwa ba sa ƙirguwa.

Kowace damina kogin yakan hau ya kwanta a kanta, in ya janye ya bar wata laka mai laushi, ruwan toka. Baba ba ya ce mata laka, shimfiɗa yake cewa. Ba yashi ba ce, don ba ta ƙaras-ƙaras a yatsa, kuma ba yumɓun masu tukwane ba ce da ke manne wa fartanya. In ta bushe ka murza ta sai ka ji kamar garin da aka tankaɗe, in ta jiƙe kuwa santsinta yana kai ƙato ƙasa. Tana riƙe danshi har a shuka masara da kuɓewa bayan ɗaukewar ruwa su yi nisa kafin a tada injin ban ruwa, kuma ba ta cin taki. Amma tana da hali. In ka shige ta da wuri ka tattake, sai ta danƙare saiwa ta rasa hanya. In ka yi jinkiri, sai samanta ya yi ɓawo, danshin ya gudu ƙasa, iri ya kwanta bai tsiro ba. Tsakanin biyun akwai 'yan kwanaki kaɗan, kuma da yatsu Baba yake gane su, yatsun nan da ke bambanta shadda ta gaske da jabu ido rufe.

Ni ma'aikacin ofis ne a Abuja, cikin masu fita da asuba su yi kokawar mota. Na yi aikin fadamar nan tun ina ƙarami, amma irin aikin kama nan, ɗauko can. Ban taɓa yanke ranar shiga ba, ba a ma taɓa jin ta bakina ba.

A wata damina Baba ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Allah ya taimaka bakinsa ya dawo, hannun ma ya fara motsi, amma tafiya Izom ta gagara. A shekarar kuma kogin ya yi hawan da ya daɗe bai yi ba, ya bar shimfiɗa mai kauri har ta binne kunyoyin bara. Sai Baba ya fito da dabara. Duk Asabar in je in tono ƙasar daga tsakiyar fadama, in zuba a kwanon sha mai murfi in kawo masa, shi zai faɗi ranar.

Haka na zama mai dakon laka. Wata rana yaron mota ya ga na rungume kwano a cinya ina kaffa-kaffa da shi, ya ce, "Oga, wetin dey inside? Miya ce?"

Na ce, "Ƙasa ce."

Ya ce, "Ƙasa? Ta Suleja ta ƙare ne?" Mota ta ɗauki dariya, har da wata tsohuwa da ta ce in kai wa malamin nawa ya ƙara mini da addu'a. Na bar su a kan cewa magani ne, ya fi sauƙin bayani.

A gida Baba zai zauna a kan tabarma, in buɗe masa kwanon, ya sa hannun dama ya dunƙula, ya murza, ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu. Sannan ya ce, "Da saura." Abin da ya rage Inna ta shanya a faifai, da shi yake taimama.

Asabar ta farko na yarda, ta biyu ma haka. Amma da maƙwabtanmu na fadama suka gama shuka, har tasu ta fara huda ƙasa, tamu tana kwance fayau, sai na daina yarda. Na kawo kwano, aka ce da saura. Na ce, "Baba, kowa fa ya shiga." Ya ce, "Kowa ne ya haife ka?"

Mai unguwa ya tare ni a bakin hanya, dattijo ne mai kunya, abokin Baba na shekaru. Ya tambayi jikin Malam, ya yi addu'a, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, kwanan nan masu zuwa gaishe ni sun yi yawa, kuma duk wanda ya zo sai ya bi ta gefen fadamarku. Ni ban ce komai ba tukuna. Amma ba ni kaɗai ke da ƙasar nan ba." Na gane sarai. Yana gaya mini ne cewa in watan ya wuce babu kore, ba zai iya tare mana ita ba.

Inna ce ta warware mini abin. Ta ja ni madafa ta rage murya ta ce da safen nan ta kai masa koko da zafinsa, ta juya ta dawo ta tarar yatsunsa biyu a ciki tsundum, yana ta magana bai sani ba, har fatarsu ta tashi. Ta ce, "Hannun nan motsi kawai yake yi, ba ya ji. Kuma ka san ubanka, ba zai faɗa ba."

Na tsaya riƙe da ƙyaure. Ashe duk makonnin nan ba ya jin komai a cikin kwanon, tsoro ne ya hana shi cewa a shiga. Na ji haushinsa, haushi sosai, don saura kaɗan ya sa mu rasa abin da ya fi ƙauna a duniya. Sai kuma tausayinsa ya danne haushin, har na kasa shiga ɗakin a ranar.

Washegari ban je ofis ba, Izom na nufa. Na tuɓe takalmi na shiga fadamar daga sama, ina tafiya a hankali. A ɓangaren tudu ƙasar ta fara ɓawo, tana ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. A tsakiya sawuna yana fita sosai amma ruwa ba ya taruwa a ciki, na dunƙula ta kama, na sake ta daga ƙugu ta marmashe. Can gangare kusa da kogi kuwa har yanzu santsi ne. A nan na ga abin da kwano ɗaya ba zai taɓa faɗa ba: bana shimfiɗar ta yi kauri, ba tare take nuna ba. Baba kullum a rana guda yake shiga duka. Ni sai na raba ta. Na samo 'yan ƙwadago muka fara daga sama, muna juya sabuwar laka tana haɗuwa da tsohuwar ƙasa. Masara a sama, kuɓewa a tsakiya, gangaren na bar shi ya ƙara shan iska.

Da na dawo na durƙusa na ce, "Baba, na shuka."

Ya ce, "Da izinin wa?"

Na ce, "Ƙasa ta yi, Baba."

"Ni na ce da saura."

Maganar kokon ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Ya juya ya fuskanci bango. Daga ranar, in na gaishe shi sai ya amsa da "lafiya" ɗaya tak, ko sunana ba ya kira.

Kamar abin haɗin baki, sai ga wani ruwan ƙarshe da ba wanda ya zata, ya zuba da ƙarfi ya daddaɓe fuskar ƙasar, rana ta biyo ta gasa. Na je na ɓanɓare ɓawon da farce, na tarar da tsiron masara a ƙasa ya lanƙwashe, ya yi rawaya, yana neman hanya ya rasa. In wannan ya mutu, na rasa fadama, kuma na rasa ta ne bayan na tsallake maganar ubana. Muka ɗauki manjagara muka bi layi-layi muna fasa ɓawon a hankali don kada mu karya tsiron, muna rufewa da busasshiyar ciyawa. Tafin hannuna ya yi kanta, a ofis suka dinga tambaya ko dambe na koma.

Masarar ta fito. Kuɓewar ma ta fito, layi a miƙe, kore shar a kan ƙasa mai ruwan toka. Ba zan ɓoye ba, na tsaya a bakin fadamar nan ni kaɗai ina ta murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

Inna ce ta lallashi Baba da sunan a je a sha iska. Wani abokina ya kai mu a motarsa, muka ajiye masa kujera a inuwa inda zai ga filin duka. Ya daɗe yana kallo. Ya kalli masara, ya kalli kuɓewa, ya kalli gangaren da na bari. Ana haka mai unguwa ya iso da mutanensa, suka gaisa irin ta tsofaffin abokai, ya ce, "Malam, fadama tana nan inda take, ba mai taɓa ta." Sannan ya nuna gangaren ya yi tambayar da ya saba yi wa Baba duk shekara, don shi ma yana da fili a wajen: "Can ƙasa fa, yaushe za a shiga? In bi bayanka."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni za ka tambaya ba. Ga mai fadamar nan a tsaye."

Na yi shekaru ina aiki, an ƙara mini girma, an yaba mini a gaban jama'a, amma ban taɓa jin kaina ya kai inda ya kai a wannan lokacin ba. Na tuɓe takalmi na gangara, duk suna kallona. Na taka, na tona, na dunƙula, na hauro ina kakkaɓe hannu na ce, "Jibi."

Mai unguwa ya juya ya gaya wa mutanensa jibi. Baba ya gyaɗa kai, bai ce a kawo masa ya taɓa ba.